Sabon damin wayoyi na Beetle 1965: ya yi aikinsa, amma ba ya cire tsatsa

Abin da na saya cikakken damin wayoyi ne na Volkswagen Beetle ƙirar 1965, daga wani kamfani da ke haɗa wayarin tsofaffin motoci. An yanka kowace waya daidai tsawonta, an sa mata kai, an naɗe su cikin rigar roba, kai dai ka zura ka jona. Na sa shi a motata, ta tashi, kowace fitila tana ci, kuma ba na shakkar ce wa mai irin wannan motar ya saya.

Dalilin sayen shi ne halin da na tarar da tsohon wayarin. Robar wayoyin ta bushe, da ka lanƙwasa sai ta tsage, jan ƙarfen ciki ya yi baƙi-baƙi da kore. Bayan allon sitiyari, wanda a Beetle ta but ɗin gaba ake leƙa shi, hannaye da yawa sun ratsa: wani ya ɗaura rediyo, wani ya ƙara hon, kowa ya murɗa waya da waya ya rufe da salatif. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wani gurbin fis da aka cike da guntun waya. Fis ana sa shi ne don ya ƙone kafin waya ta ƙone, ga shi kuma tankin fetur na wannan motar a but ɗin yake, kusa da wurin. Faci ba zai yi maganin irin wannan ba.

Babban abin da ya sa nake yaba damin shi ne sun bi launukan asali sau da ƙafa. Motocin Jamus suna da tsari da ake kira DIN 72552, wanda ya ba kowane bakin da ake jona waya lamba, kuma lambobin suna nan a buge jikin makunnai da kwayil, in ka goge dattin za ka gani. Lamba 30 wuta ce kai tsaye daga batir, wayarta ja. Lamba 15 wutar da ke zuwa sai an murɗa makulli, baƙa. Lamba 31 ita ce mai komawa jikin mota, ruwan ƙasa. 50 ta sitata ce, 56a doguwar fitila mai farar waya, 56b gajeriya mai rawaya. Siginar hagu baƙa da zanen fari, ta dama baƙa da zanen kore. Da yake sabon damin bai kauce wa wannan ba, na riƙa karanta lamba a jikin ƙarfe, in duba launi a zanen wayarin motar, in jona, babu lalube. Ko bayan ni, duk mai gyaran da ya buɗe motar zai gane inda kowace waya ta dosa, kuma wannan a wurina ya fi kyan naɗi daraja.

Sai kaurin waya, inda nan ne na fi sa ido. Beetle ta 1965 folt 6 take amfani da shi, ba 12 ba. Ƙwan fitila mai wat 45 yana jan amfiya 7.5 a folt 6, ninki biyu na abin da zai ja a folt 12. Ma'ana siririyar waya za ta yi zafi, ta shanye wutar a hanya. In rabin folt ya ɓace a motar folt 12 da kyar ka lura, amma a wannan fitilar gaba sai ta koma ja kamar ta aci-balbal, sitata ta riƙa nishi. Na gwada sababbin wayoyin da tsofaffin gefe da gefe, jar da ke kai wuta gaba da ta sitata duka kaurinsu ɗaya da na asali. Ba su yi rowar jan ƙarfe ba.

Akwai inda suka gaza. Babu robobin da ake sa wa a ramukan da waya ke ratsa ƙarfe, sai da na nemo daban, alhali in babu su bakin ƙarfe zai ci rigar wayar a hankali. Takardar da suka haɗo baƙi da fari ce, ƙanana-ƙananan rubutu, ga kayan da duk amfaninsa launi ne. Kawuna biyu sun yi sako-sako, na matse su da filaya.

A lura da shekara wajen oda. A ƙirar 1965 da ƙafa ake sauya doguwar fitila da gajeriya, a 1966 aka mayar da shi hannun sigina, don haka damin wannan ba zai zauna daidai a waccan ba. Kuma kafin ka zare tsohon dami, cire batir ɗin da ke ƙarƙashin kujerar baya, ka ɗaura igiya mai ƙarfi a wutsiyar wayoyin, ita za ta jawo maka sabon ta cikin jikin motar.

Abin da nake so mai saye ya riƙe shi ne, damin rabin hanyar wuta kawai yake sabuntawa. Wutar da ta je fitila ta jikin motar take komawa batir, kuma duk inda wayar ruwan ƙasa ta kama ƙarfe mai tsatsa ko sabon fenti, hanyar ta toshe. Bayan fenti wannan ya fi faruwa, sai ka taka birki ka ga sigina tana lumshewa, ka zargi kamfanin da bai yi laifi ba. Na kankare kowane wuri har ƙarfe ya yi sheƙi, na shafa man giris. Na kuma sauya faffaɗar wayar nan saƙaƙƙiya da ke haɗa giyabos da shasi. In ta ruɓe, wutar sitata takan nemi hanya ta wayar kuloci ko ta totur ta ɗumama su. Ita ma ba ta cikin kwalin, kuma da sun tambaye ni, da ita zan ce su fara sakawa.