Sharhina kan X, wanda har yau muke kira Twitter

Na daɗe ina ɗaukar Twitter a matsayin dandalin 'yan boko da 'yan siyasa masu neman rigima, kuma ban taɓa ganin hikimar takura mutum ga haruffa 140 ba, ko bayan da aka ƙara su zuwa 280 a shekarar 2017. Abin da ya sauya mini ra'ayi shi ne daren da matar yayana ta haihu, jini ya ɓalle mata, likita kuma ya ce irin jininta ba kasafai ake samunsa ba, ga shi duk dangin da aka gwada babu wanda nasa ya dace.

A bakin ɗakin haihuwar na tsaya, hannuna yana rawa, na rubuta ɗan taƙaitaccen saƙo a Twitter mai ɗauke da rukunin jinin da unguwar da asibitin yake da lambar wayata. Mutanen da ban san su ba suka yi ta yaɗa shi, wayata ta shiga ruri ba ƙaƙƙautawa, kuma kafin kiran assalatu wani matashi ya iso a kan babur da rigar sanyi a jikinsa, ya ba da leda guda. Da na miƙa masa kuɗin mai sai ya ƙi karɓa, ya ce in sa mahaifiyarsa a addu'a kawai. Wallahi har yanzu idan na tuna fuskarsa sai idona ya ciko.

Tun daga ranar na fahimci yadda kiran a dawo da 'yan matan Chibok ya tashi daga Twitter a 2014 har ya kai ga Michelle Obama, matar shugaban Amurka na lokacin, na kuma fahimci girman abin da aka rasa lokacin da gwamnatin Buhari ta dakatar da dandalin daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022.

Sai dai ba zan ɓoye ɓacin raina ba. Bayan an sallami mai jego, wani marar tsoron Allah ya kwafi rubutuna, ya maƙala lambar asusunsa na banki, ya riƙa karɓar kuɗin bayin Allah da sunan magani. Na fito na ƙaryata, amma ƙaryatawar ba ta yi ko rabin tafiyar da ƙaryar ta yi ba, domin a nan labari mai tayar da hankali shi ne yake gudu. Ga kuma shuɗiyar alamar nan da a da take nuna an tantance mutum, wadda ta koma ta duk mai iya biyan kuɗin wata bayan Elon Musk ya sayi kamfanin a 2022. Ban ma son tuna zage-zagen da yara suka yi wa sa'annin iyayensu a lokacin zaɓen 2023.

Manhajar tana nan a wayata kuma ina buɗe ta kullum, amma yanzu ba na tura ko sisi ga mai neman taimako sai na kira lambar na ji asibitin da ɗakin da majinyacin yake kwance.