Wane laburare za ka ɗauka don lissafin taimkod na bidiyo?

Kafin ka zaɓi laburare, wato shiryayyen kod da ake ɗorawa a cikin manhaja, wanda zai riƙa lissafa maka taimkod, wato lambar nan ta awa, minti, sakan da firam irin 01:00:00:00, fara sanin gudun bidiyon da za ka yi aiki da shi. In duk kayanka firam 25 ne a sakan, wato hotuna 25, kamar yadda tsarin talabijin na Nijeriya da Nijar yake, kusan kowane laburare zai ishe ka. Rigimar tana wajen 29.97 da 23.976.

Tun 1953, lokacin da Amurka ta shigo da talabijin mai launi, aka rage gudun hoto daga 30 zuwa 30000 bisa 1001, wato kusan 29.97. Wanda ya ƙirga firam talatin-talatin a kan wannan gudun, agogonsa zai riƙa makara da sakan 3.6 a kowace awa. Maganin da aka kawo shi ne tsarin tsallake, wanda ake kira drop-frame: a farkon kowane minti a tsallake lamba 00 da 01, ban da minti na goma-goma. Lambobi 108 ke nan a awa. Ba hoto ake zubarwa ba, lamba kawai ake ƙetarewa, kuma ana gane tsarin da waƙafi mai ruwa kafin lambar firam.

Mai rubutu da Python yawanci da laburaren da ake kira timecode yake fara cin karo. Ƙarami ne, lasisinsa MIT, cikin 'yan mintoci ka iya shi. Amma yana da hali guda da ke kama mutane: yana ɗaukar 00:00:00:00 a matsayin firam ɗaya, ba sifili ba. Saboda haka in ka tara 00:00:00:00 da 00:00:00:00 sai ya ba ka 00:00:00:01. Da gangan aka yi hakan, amma wanda bai sani ba zai tarar rubutun ƙasan fim ɗinsa ya goce da firam guda. Haka nan da ka ce masa 29.97 zai ɗauka tsarin tsallake kake nufi, sai in ka kunna force_non_drop_frame.

Laburaren vtc, wanda ake samu a Python da Go da Rust, ya fi tsantseni. Yana ajiye gudu da lokaci a matsayin lamba bisa lamba, ba lamba mai ɗigo ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Manhajar da ta ɗauki 23.98, wato taƙaitaccen rubutun 23.976, yadda aka rubuta ta, maimakon ainihinta 24000 bisa 1001, za ta yi kuskuren kusan firam 14 a awa guda. Shi vtc ya kuma san ma'aunin ƙafa da firam na fim ɗin 35mm, da ƙwayoyin lokacin manhajar tace fim ta Premiere Pro, waɗanda 254,016,000,000 ne a sakan ɗaya. In lissafi zalla ne aikinka, shi ya fi cancanta.

OpenTimelineIO wani babban kaya ne daban. Kamfanin Pixar ne ya fara shi, yanzu yana hannun Academy Software Foundation, da lasisin Apache 2.0. Sashensa na opentime yana da RationalTime da TimeRange, amma ainihin aikinsa ɗaukar jerin yanka gaba ɗaya ne daga wata manhajar tace fim zuwa wata, har da fayilolin EDL, masu ɗauke da irin wannan jerin, na tsarin CMX 3600. Ɗauko shi don kawai a mayar da firam zuwa taimkod, hayar tirela ce don buhu ɗaya. Sai dai in kana hangen gobe za ka karanta EDL, gara ka fara da shi tun yau.

Ga mai JavaScript akwai smpte-timecode a npm, rumbun laburaren JavaScript. Mai C kuma da ya riga ya jingina da FFmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da sauti, timecode.h na cikin libavutil ya wadatar, sai dai ya duba sharuɗɗan lasisin LGPL in manhajar ta sayarwa ce. Taimkod ɗin da ke zuwa ta layin sauti, wato LTC, wannan aikin libltc ne.

Ko wanne ka ɗauka, gwada shi da waɗannan kafin ka amince, kana ƙirgawa daga sifili. A 29.97 mai tsallake, firam na 1800 dole ya fito 00:01:00;02, na 17982 ya fito 00:10:00;00, na 107892 ya fito 01:00:00;00. Sannan ka miƙa masa 00:01:00;00, lambar da babu ita a wannan tsarin, ka ga ko zai ƙi ta ko zai haɗiye shiru. A 23.976 kuma, 01:00:00:00 firam 86,400 ne, amma a agogon bango sakan 3603.6 ne. Duba kuma abin da yake yi in an wuce awa 24, ko in ragi ya faɗa ƙasa da sifili, domin nan ma kowane laburare da nasa halin.

Abin da babu laburaren da zai gyara maka shi ne bidiyon waya, wanda gudunsa kan sauya a tsakiyar ɗauka. Buɗe fayil ɗin da ffprobe, abin duba fayil da ke zuwa tare da FFmpeg, ka kwatanta r_frame_rate da avg_frame_rate. In sun saɓa, mayar da shi gudu tsayayye da FFmpeg tukuna, sannan ka fara lissafi.