Manhajar sa ido kan injin raba ruwa: yadda na same ta

A wurin aikinmu a arewacin Jamus muna da injin da ke amfani da lantarki ya raba ruwa ya fitar da iskar haidurojin da ta oksijin, irin mai tantanin PEM (wani siririn tantani da ke tsakanin ɓangaren haidurojin da na oksijin), wutarsa kuma daga fankokin samar da lantarki da ƙarfin iska take zuwa. Bara aka ɗora masa wata manhaja mai tattara awon zafi, matsi, wuta da tsabtar ruwa, tana hasashen inda matsala za ta ɓullo.

Inda ta burge ni shi ne wajen kama lalacewar da ke tafiya a hankali. Injin sel ne masu yawa a jere, wato ƙananan sassa, kowanne da tantaninsa yana raba ruwa. A lissafi bolt 1.23 ya ishi kowanne ya raba ruwa, amma a bakin aiki yakan ci 1.8 zuwa 2, kuma yana tsufa abin da yake ci na hawa. Hawan na 'yan maikrobolt ne (kashi ɗaya cikin miliyan na bolt) a awa guda, ko ka kwana gaban allo ba za ka gani ba. Ita kuwa tana kwatanta awon yau da na watannin baya a zafi ɗaya da nauyin wuta ɗaya. Da haka ta nuna mana sel da dama sun fara hawa tare, a daidai lokacin da awon tsabtar ruwa ke ja da baya kaɗan-kaɗan. Muka buɗe matatar ruwan, ashe ƙwayoyin cikinta sun gaji, ɓurɓushin ƙarfe ya fara bi ta cikinsu. Da an bari ya taru a tantanin, gyaran sai an kwance jerin duka, ga shi cike da iridiyom da filatinom masu ɗan karen tsada.

Sai dai manhajar ta ba mu ciwon kai da farko. Idan iska ta lafa wuta ta ragu, oksijin da injin ke fitarwa yana raguwa, don haka haidurojin da ke tsallaka tantanin yakan yi yawa a cikinsa. Wannan halin injin ne. Haɗarin kama wuta yana farawa ne idan haidurojin ya kai kashi 4 cikin 100 a cikin oksijin, injin kuma yana kashe kansa a kashi 2. Ita kuwa manhajar an horar da ita ne da bayanan injinan da wutarsu ba ta hawa da sauka, don haka ko ana nesa da wannan iyaka sai ta hau ƙara, har da tsakar dare. Sai da ta sha watanni tana koyon halin namu kafin ta natsu.

Kuma ba ta faɗin dalili, "akwai sauyi" kawai za ta ce, sauran aikin naka ne. Abin da ya fi ba ni haushi: bayanan injinmu ne, amma sauke su gaba ɗaya sai an ƙara kuɗin rajista.

Wanda ke da ma'aikaci da ya san cikin sel, ya sayi manhajar. Wanda ba shi da shi, ya fara neman ma'aikacin.