Pentax Papilio II: madubin hangen nesa mai ganin kusa

Abin da ya bambanta wannan madubi da sauran shi ne yana fito da abu sarai ko da tazararsa santimita 50 ce kacal. Na shiga daji da shi a ƙarshen damina, lokacin da malam-buɗe-littafi ke taruwa a kan ƙasa mai danshi suna tsotsar gishirinta, kuma na ga zanen fukafukansu dalla-dalla, har da siririn bakin da suke warwarewa, ba tare da na firgita ko ɗaya ba. Ya kuma nuna mini gwamki da ɓauna daga nesa. Faɗin gilashinsa milimita 21 ne kawai, ba ya tattara haske da yawa, saboda haka ya fi dacewa da hasken rana.