Masa, balangu ko gidan abinci mai esi: ina za ka kai baƙonka a Bauchi?

Kafin ka tambayi kuɗin abinci, fara duba lokaci da kuma wanda za ka fita da shi. Wurin da ya dace da abokanka bayan isha'i ba lallai ya dace da surukarka ba.

A wurina masa ce kan gaba, domin da ita aka san Bauchi, kuma baƙon da ya tafi bai ci ba ka rage masa haƙƙi. Sai dai ba kowace masa ba. Je wurin da za ka ga tanda a kan wuta, mai suya tana zuba ƙullu tana juyawa a gabanka. Masa mai kyau bayanta ja ne, gefenta ya soyu, cikinta fari mai laushi da ƙananan ramuka, alamar ƙullun shinkafar ya tashi yadda ya kamata. Tsaminta kaɗan ne. Idan ya yi yawa, ƙullun ya wuce lokacinsa. Sannan ka leƙa tukunyar miya. Taushe na gaske da kaurinsa, ka ga kabewa ta narke, gyaɗa ta kama, ga ɗan man shanu a sama. Wadda aka tsinka da ruwa don ta kai yamma, daga ludayin farko za ka gane. Matsalar irin waɗannan wurare ita ce wurin zama: benci ne, ga hayaƙi, ga layi. Idan dattijo ne baƙon, ɗauki kula ka je ka sayo, a ci a gida.

Da dare kuwa, zagayen Wunti da Yelwa ba a rasa masu nama. Tsire ya fi sauƙin kuɗi, amma ƙuli da yaji suna iya ɓoye naman da ya kwana. Balangu ba ya ɓoye komai, shi ya sa na fi yarda da shi. Nuna yankin da kake so, a yanka a idonka, ka karɓi ɗanɗano kafin a naɗe.

Gidajen abinci na zamani, irin na GRA da cikin otal-otal, kujera da sanyi da natsuwa kake biya. Sun fi dacewa da iyali ko maganar kasuwanci. Tambayi farashi tun kafin a kawo, ka kuma tambaya ko suna karɓar tiransifa.

Saura abin sha. Zoɓo mai citta da kanumfari yana yanke maiƙon balangu. Kunun aya ya fi daɗi, amma ba ya jure zafi, in ba daga firji ya fito da sanyinsa ba, bar shi. Fura da nono abinci ce guda, kada ka ɗora ta a kan masa. Wasu gidajen kuma suna kawo ruwan inibi a kwalba mai kama da ta giya. Kada ka tsaya a kan maganar mai kawowa cewa babu giya a ciki: karɓi kwalbar, nemi inda aka rubuta 0.0%, wato babu giya ko kaɗan, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, sannan ka ce a buɗe.