Bakwaini: Kwalba Ko Ƙirjin Uwa?

Iyaye sun sha tambayata wanne ya fi wa bakwaini.

Kwalba, wato na'urar ɗumama jarirai ta asibiti, na riƙe ɗumi daidai, amma tana da tsada, ga matsalar wuta. Ƙirjin uwa kyauta ne: a ɗaura jariri fata da fata, ɗumi ya samu, nono na kusa. A Bogota, babban birnin Kolombiya, aka fara hakan a 1978, saboda ƙarancin kwalabe. Binciken da aka wallafa a 2021, har da Najeriya da Gana, ya nuna fara ɗaura jariri a ƙirji nan take bayan haihuwa na rage mutuwa da kusan kashi 25 cikin ɗari. Sai dai uwa na gajiya, tana buƙatar mai karɓarta.

Jaririn da numfashinsa ya gagara sai da na'ura, kwalba ce tasa. Wanda ke numfashi da kansa, ƙirji ya fi dacewa da shi, likita na lura.