Bach ko Buxtehude, wanne za ka fara saya?

Ɗan'uwa, tunda ka ce kuɗin faifan ogan (babban abin kiɗan coci mai bututu) ɗaya ne a hannunka, kuma kana tsakanin Bach da Buxtehude, tsofaffin masu tsara kiɗa a Jamus, ɗauki Bach, kuma ka nemi wanda Helmut Walcha, makaɗin ogan ɗan Jamus, ya kaɗa.

Nawa ya shekara takwas a wurina. Ranar da na fara sa ƙaramar fugar nan (kiɗan da layukan sauti, wato muryoyi, ke shigowa ɗaya bayan ɗaya da kari guda) mai lamba BWV 578 a jerin ayyukan Bach ina cikin guga ne. Murya ta sama ta shigo ita kaɗai da karin, ta biyu ta karɓa daga ƙasa, ta uku ta biyo baya, sai can feda, wato maɓallan ƙasa da ake takawa, ta ɗauko shi da ƙafa har gilashin taga yana rawa. Na kashe dutsen guga na zauna a kan tabarma, na sake sa ta sau uku. Muryoyi huɗu, kowace da hanyarta, ba wadda ta taka 'yar'uwarta. Walcha ya makance tun yana ɗan shekara 19. Kowace murya daban ake kaɗa masa har ya haddace, sannan ya haɗa su a ka, shi ya sa ko ta tsakiya ba ta ɓacewa a hannunsa. Sau biyu ya naɗi ayyukan Bach na ogan. Nemi na biyu, na 1956 zuwa 1971, wanda aka ɗauki wani sashensa a tsohon ogan na cocin Alkmaar a Holan, sautinsa ya fi fita.

Buxtehude ma ina da shi, kuma ba abin rainawa ba ne. A 1705 Bach da kansa ya taka a ƙasa daga garin Arnstadt zuwa Lübeck a Jamus, wajen kilomita 400, don ya ji shi. Amma fugoginsa gajeru ne, kafin kunnenka ya kama zaren ya tsallaka wani sashe. Nawa yana kan kanta, sai jefi-jefi nake taɓa shi.

Ka yi hattara da masu tallar “na asali” a intanet. Wani ya taɓa turo mini kwali mai kyan gani, ashe waƙoƙin waya ya kwafa a faifai, muryar feda duk ta mutu. Kafin ka tura ko sisi, ka sa a ɗauko maka hoton bayan kwalin da ɗan littafin ciki. In ba sunan cocin da shekarar naɗi, bar masa kayansa.